Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Kwamitocin Ɗa'ar Bincike da Likitoci Masu Gwajin Magunguna a Jihar Legas

Zuwa ga shugabanni da mambobin kwamitocin ɗa'ar binciken lafiya na asibitoci da cibiyoyin bincike da ke Jihar Legas, da likitocin da ke jagorantar gwajin magunguna a kan mutane.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ina rubuto muku wannan wasiƙa ne da yawun Hausawa da sauran masu jin Hausa da ke zaune a Legas: 'yan gwari na kasuwar Mile 12, da dillalan dabbobi na Alaba Rago, da mahautan Oko-Oba, da masu gadi da 'yan ga-ruwa, da matan da ke cikin gidaje a Agege da Idi-Araba da Obalende, da 'yan ci-rani da kan zo bayan kaka su koma da faɗuwar damina. Ni tsohon ma'aikacin lafiya ne, na yi aiki a ɗakin shan magani a arewa kafin zama ya kawo ni Agege, kuma da yake ina iya karanta takardar asibiti, ƙofata ake ƙwanƙwasawa idan an dawo gida da takardar da ba a gane ba. Abin da zan faɗa a nan, wani daga bakin mutanen na ji shi, wani kuma da idona na gani. Da Hausa na rubuta domin a karanta wa waɗanda nake magana a madadinsu, su ji abin da aka faɗa da sunansu, na kuma san ba za ku rasa wanda zai fassara muku ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda ake shigar da mutanenmu cikin gwajin magani ba tare da an yi musu bayani da harshen da suke ji ba, da kuma yadda a wasu lokutan ake tsallake su ɗungurungum saboda bayanin zai ci lokaci. Duka biyun sakaci ne, kuma gyaransa a hannunku yake, tun da babu gwajin da zai fara sai kwamitinku ya karanta tsarinsa da takardar neman yardarsa ya amince, hukumar NAFDAC ma ta ba da izini.

Mu ba masu adawa da gwajin magani ba ne, domin mun ga amfaninsa a jikin 'ya'yanmu. Allurar MenAfriVac da ta kusan kawar da annobar sanƙarau nau'in A daga ƙasashen Sahel, an gwada ta a kan mutane a Mali da Gambiya da Senegal da Ghana da Indiya kafin a fara yi wa jama'a a Burkina Faso a 2010, ta iso Najeriya a 2011. Binciken da aka yi a Kano a kan maganin haidiroksiyuriya ya nuna ana iya rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki ga yara masu sikila da magani mai sauƙin kuɗi. Gwajin E-MOTIVE, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya, an yi shi a asibitoci kusan 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kuma sakamakonsa na 2023 ya nuna cewa auna jinin da mace ke zubarwa bayan haihuwa da shimfiɗa mai awo, tare da haɗa mata magunguna nan take, ya rage mummunar zubar jini da kashi 60 cikin 100. A nan Legas ma, Farfesa Bosede Afolabi ta Jami'ar Legas ta jagoranci gwajin IVON a kan mata masu ciki sama da 1,000 a Legas da Kano, inda aka kwatanta ba da sinadarin ayon mai ƙara jini ta jijiya da shan ƙwayarsa. Duk matar da ta yarda aka sa ta a irin wannan aiki ta yi wa 'yan'uwanta mata alheri, kuma mafi ƙarancin haƙƙinta shi ne ta san abin da ta yarda da shi.

Sai dai wanda zai zo wa Bahaushe da maganar gwaji ya kamata ya san abin da ke cikin zuciyar mai sauraronsa. A 1996, lokacin da annobar sanƙarau ta kashe sama da mutum 10,000 a arewacin Najeriya, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana na Kano a kan yara kusan 200, aka ba kusan rabinsu Trovan, sauran aka ba su seftiriyazon, maganin sanƙarau da aka saba da shi. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta yi wannan ɓarna kuma an nemi yardar iyaye da baki, iyayen kuwa suka ce ba wanda ya gaya musu cewa gwaji ake yi. An kai ruwa rana a kotu har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Lokacin da aka ƙaurace wa allurar shan inna a Kano da wasu jihohin arewa a 2003, wannan labari yana cikin abin da jama'a ke kafa hujja da shi, cutar kuwa ta sake bazuwa har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Mutumin da ke zaune a layin asibiti a Yaba ko Ikeja a yau, ko bai san shekarar ba, ya ji labarin daga bakin manyansa. Bayan wannan ne ƙasarmu ta fitar da kundin ƙa'idojin ɗa'ar binciken lafiya a 2007 ƙarƙashin kwamitin ƙasa na NHREC, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta wajabta neman yardar mutum a rubuce bayan an sanar da shi manufar bincike da abin da zai iya biyo baya. Dokar tana nan, ba sabuwa muke nema ba. Muna neman ta kai ga wanda ba ya jin Turanci ko Yarbanci.

Kokenmu na farko, wanda duk sauran daga gare shi suka fito, shi ne harshe. Kundin 2007 ya ce a rubuta takardar yarda yadda wanda ya yi shekara 9 a makaranta zai gane ta, ya kuma ba da damar dangwala yatsa a gaban shaida ga wanda ba ya rubutu. To, da yawa daga cikin mutanenmu karatun allo suka yi, Turancinsu na ciniki ne, ya ishe su sayar da kwandon tattasai amma bai kai ga shafuffukan bayanin illar magani ba. Abin da ke faruwa shi ne a waiwaya a nemi duk wanda ke kusa mai jin Hausa, ko maigadin ƙofa, ko wani mara lafiya da ke layi, ko ɗan rakiya, a ce ya fassara. Shi kuma sai ya taƙaita shafi takwas cikin jumla biyu, ya ce magani ne za su ba ka kyauta, sa hannu a nan. Daga nan a ɗauko tawada a dangwala, a rubuta sunan mai fassarar a matsayin shaida, fayil ya cika ba tare da mai shi ya san komai ba.

Wani dillalin albasa mai fama da hawan jini ya taɓa zuwa wurina da irin wannan takarda, a ninke cikin aljihun kaftaninsa tare da rasiɗan kasuwa, har gefenta ya yi baƙi saboda gumi, ga yatsansa a dangwale a shafin ƙarshe. Murna yake yi, yana cewa likita ya zaɓe shi cikin mutane da yawa ya sa shi a layin maganin Turai. Da na karanta, sai na tarar takardar ta faɗi komai dalla-dalla: rukuni biyu ne, ƙuri'a ce ke raba su, kuma ba a yarda ya ba kowa ƙwayar ba. Shi kuwa a lokacin ya riga ya je gida Babbar Sallah, ya ɗibar wa yayansa mai irin ciwonsa daga cikin robar, don a ganinsa rowa ce ya samu magani mai kyau ya hana ɗan'uwansa. Ku dubi ɓarnar da wannan ya jawo. An ba wani dattijo a ƙauye maganin da ba a gama sanin illarsa ba, ba tare da an auna jininsa ko ƙodarsa ba, sannan masu binciken da suka ƙirga ƙwayoyin da suka rage za su rubuta cewa mutuminsu ya sha abin da bai sha ba. Ba shi kaɗai aka cuta ba, sakamakon binciken naku ma ya gurɓata.

Wannan ya kawo ni ga abin da na fi son ku tsaya a kansa, wato bambancin jinya da gwaji, domin a nan ne mutanenmu suka fi ruɗewa. Likitan da ke jinyar mara lafiya burinsa wannan mutum ya warke, mai bincike kuwa amsar wata tambaya yake nema domin marasa lafiyar da za su zo nan gaba, ko da mutum ɗaya ne ke yin aikin biyu cikin farar riga ɗaya. Bahaushe yana ganin girman likita, ba ya yi masa musu, kuma a tunaninsa duk abin da likita ya miƙo masa shi ne mafi dacewa da shi. Idan ba a fito fili an ce masa wannan magani mu kanmu ba mu tabbatar da shi ba, shi ya sa muke gwadawa, to zai ɗauka gata aka yi masa.

Ya kamata kuma ya san matakin da gwajin yake. Magani yakan fara daga ɗakin gwaje-gwaje da jikin dabbobi. A mataki na 1 ana ba mutane kaɗan, galibi ƙasa da 100 kuma sau da yawa lafiyayyu, domin a ga yawan da jiki zai ɗauka da illar da zai yi. A mataki na 2 marasa lafiya ake ba, daga gommai zuwa 'yan ɗaruruwa, a ga ko yana aiki. A mataki na 3 mutane kan kai ɗaruruwa ko dubbai, a kwatanta shi da maganin da aka saba da shi, mataki na 4 kuwa bibiya ce bayan ya shiga kasuwa. Cikin kowane magani 10 da aka fara gwadawa a jikin mutane, kusan 1 ne ke kai wa ga samun rajista. Saboda haka wanda ya shiga matakin farko da wanda ya shiga na ƙarshe ba kasada ɗaya suka ɗauka ba, kuma bai dace a haɗa su a jumla ɗaya ta "sabon magani" ba.

Maganar ƙuri'a ba ta fi ƙarfin fahimtar mutanenmu ba, in dai za a yi musu ita. Manomin da aka kawo wa sabon iri ba ya shuka shi a fadama ya zuba tsohon a kan tudu sannan ya ce sabon ya fi, gona ɗaya yake rabawa biyu, ruwa ɗaya, taki ɗaya. Haka nan idan aka bar likita ya zaɓa da hannunsa, zai iya tura masu ƙarfin jiki ɓangare guda ko da bai nufa ba, shi ya sa kwamfuta ke rabon. A gwaje-gwaje da yawa ana ɓoye wa mara lafiya da likitansa ɓangaren da ya faɗa, don kada zato ya shiga cikin awo, sai dai ana iya buɗe sirrin idan rai ya shiga haɗari, akwai kuma kwamiti mai zaman kansa da ke duba alƙaluma yana iya dakatar da aikin idan illa ta bayyana ko amfani ya fito ƙarara. Wani lokaci ɓangare ɗaya filasibo ake ba shi, wato ƙwaya ko allura mai kama da maganin amma babu maganin a cikinta. Sanarwar Helsinki, wato ƙa'idojin yin bincike a kan mutane, wadda ƙungiyar likitoci ta duniya ta fitar a 1964 ta kuma sabunta a 2024, ta taƙaita amfani da filasibo ga inda babu tabbataccen magani, ko inda akwai ƙwaƙƙwaran dalili kuma hana maganin ba zai jawo mummunar illa ba. A ra'ayina, mutumin da bai ji da kunnensa cewa zai iya faɗawa ɓangaren da babu magani ba, bai ba da yarda ba, komai kyan dangwalensa.

Sai batun mata, wanda ya fi kowanne buƙatar lura. Gwaje-gwaje da yawa suna buƙatar a yi wa mace awon ciki, a tambaye ta lokacin al'adarta, wasu ma su shardanta mata tsarin iyali har a gama, saboda ba a san abin da maganin zai yi wa ɗan tayi ba. Na san wata baiwar Allah da aka yi wa waɗannan tambayoyi ta bakin ɗanta, yaron da bai gama firamare ba, don shi ne mai Turanci a gidan. Ta ja mayafi ta rufe fuska, tana gyaɗa kai ga duk abin da aka ce, yaron kuma ya sunkuyar da kai yana tsallake abin da bakinsa ba zai iya furtawa a gaban mahaifiyarsa ba. Nas ɗin ta cike gurabenta da amsoshin da babu wanda ya bayar. Ga kuma maganar miji. A al'adarmu mace takan shawarci maigidanta kafin ta ɗauki irin wannan nauyi, kuma wanda ya matsa mata ta sa hannu nan take ya jefa ta cikin rigimar gida. Amma shawara daban, yarda daban. Jikinta ne, yatsanta ne ya kamata ya hau takarda, kuma idan ita ba ta so, amincewar miji ba ta isa a sa ta ba. Haka yara: akwai da yawa a Legas da ke hannun kawu ko malamin allo alhali iyayensu suna Sakkwato ko Zamfara, ya kamata ku bincika wane ne ke sa hannu a madadinsu, a kuma nemi amincewar yaron da ya yi hankali.

Ɗibar jini ita ce ke haifar da mafi yawan jita-jita a unguwanninmu. Mutum ya ga an jera kwalabe huɗu ko biyar an cika da jininsa, ba a gaya masa inda za a kai ba, ya dawo majalisa ya ba da labari, kafin dare an ce sayar da shi ake yi. Alhali ƙaramar kwalba ɗaya ba ta wuce cokalin shayi ɗaya ko biyu ba, jikin babban mutum kuwa yana ɗauke da jini kusan lita 5. Me zai hana a nuna masa cokalin? Idan za a fitar da jinin zuwa wata ƙasa, ƙa'idar ƙasarmu ta wajabta rubutacciyar yarjejeniya, to shi ma mai jinin a gaya masa ƙasar, da tsawon lokacin da za a ajiye, da ko za a yi wani binciken da shi daga baya. Idan za a duba ƙanjamau ko ciwon hanta, a faɗa masa tun kafin a tsira allura, kuma kada sakamakon ya bi ta kunnen maƙwabcin da aka ɗauko ya yi tafinta.

Kuɗin mota ma abin dubawa ne. Wanda zai taso daga Alaba Rago ko Mile 12 zuwa asibiti a Idi-Araba ko Yaba ya san wunin ranar ya tafi a cunkoso da layi, ɗan gwari kuma kayansa ba sa jiran gobe. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka, amma mutane suna kawo mana kuka cewa abin da ake ba su bai kai kuɗin zuwa da dawowa ba, sai su daina zuwa, a rubuta cewa sun ɓace. Ba muna cewa a cika kuɗi ba ne, don kuɗin da ya yi yawa yakan rufe wa talaka ido ya yarda da abin da zuciyarsa ba ta so. Wanda ya fi damuna shi ne 'yan kamasho da ake ba lada a kan kowane mutum da suka kawo, domin mai neman cika lissafi ba zai taɓa ambaton illa ba.

Da yawa ba su san suna da ikon fita ba. Suna jin tsoron idan suka ce sun fasa za a hana su katin asibiti, ko likita ya yi fushi, ko a ce su biya kuɗin awon da aka yi musu. Ƙa'ida ta ce mutum yana iya janyewa duk lokacin da ya so ba tare da ya rasa kulawar da yake samu ba, amma wannan yana kwance a shafin da ba a karanta masa ba. Haka maganar illa. Idan jiki ya yi ƙuraje ko numfashi ya ɗauke da tsakar dare, wa zai kira, kuma wanda zai ɗauki wayar yana jin Hausa? Idan abin ya same shi a Kebbi ya je noma, likitan can ta yaya zai san abin da yake sha? Sanarwar Helsinki ta ce a yi jinyar wanda gwaji ya cutar a kuma biya shi diyya, amma cikin masu kawo mini takarda da wuya ka samu wanda ya san akwai wannan tanadi. Akwai kuma tambayoyin da mutanenmu ke jin nauyin yi: ko lokacin shan ƙwayar zai ci karo da azumin Ramadan, da ko kwanson kafso an yi shi da abin da ya fito daga alade. Wanda ba a amsa masa ba yakan yi shiru ya sauya lokacin shan maganin da kansa.

Ina yaba wa masu binciken da kan fara da zuwa fadar Sarkin Hausawa ko wurin limamai kafin su shiga unguwa, don haka ladabi ya tanada. Sai dai a kula, iznin shiga unguwa ba ya zama yardar mutanen cikinta. Idan sanarwa ta fito daga fada ko daga lasifikar masallaci, talaka yakan ji kamar umarni ne, ya ga ƙin zuwa raini ne ga manya. Daga ƙarshe kuma, idan an gama aiki, sai a kwashe kaya a tafi. Sakamako ya fita a mujallar Ingila ko Amurka, wanda ya ba da jininsa shekara guda bai san ɓangaren da ya faɗa ba, bai san ko maganin ya yi aiki ba, bai kuma san ko zai ci gaba da samunsa ba idan ya karɓe shi.

Ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo. Kada kwamitinku ya amince da gwajin da zai ɗebi mutane a unguwanni da kasuwannin da masu jin Hausa suka yi yawa, sai an kawo muku takardar yarda da Hausa, wadda wani mutum daban ya mayar da ita Turanci aka ga ma'ana ba ta kauce ba, aka kuma karanta wa 'yan kasuwa da matan gida aka tabbatar sun gane. Tun da yawancinmu sauraro muka fi karatu, a naɗi bayanin da murya, ta namiji da ta mace, a tura wa mutum ta WhatsApp ko a zuba masa a waya, ya je gida ya saurara da iyalinsa, a ba shi aƙalla kwana guda kafin a nemi yatsansa, ya kuma tafi da kwafinsa.

A sa kuɗin tafinta mai horo cikin kasafin kowane gwaji, mace ga mata, a haramta sa yaro ko ɗan layi ya fassara, kuma shaida ya zama wani daban wanda ba ya cin albashin binciken. Kafin a dangwala, a ce wa mutum ya maimaita da bakinsa: mene ne ake gwadawa, wa ke zaɓar ɓangaren da zai shiga, wace illa za ta iya samunsa, kuma me zai faru idan ya ce ya fasa. Wanda ya kasa amsawa a sake masa bayani, kada a sa shi. Wannan roƙo shi ne mafi arha a cikin duka, kuma da shi kaɗai aka yi, da dillalin albasar nan bai raba maganinsa ba.

Muna roƙon a ba kowane mai shiga gwaji ɗan kati mai shiga aljihu, ɗauke da sunan gwajin da lambar wayar da ake ɗauka dare da rana, da kuma lambar kwamitinku domin kai ƙara. A tambaye shi tun farko ko yana da niyyar tafiya gida da Sallah ko da damina, a tsara ranakun zuwansa a kan haka. A sake duba kuɗin mota bisa farashin yau, a kuma hana biyan lada a kan kowane kai.

Ƙa'ida ta tanadi kujerar wanda ba masanin kimiyya ba a kowane kwamiti, don haka muna roƙon asibitocin da ke maƙwabtaka da unguwanninmu su ba mai jin Hausa irin wannan kujera, ko su riƙa gayyatarsa duk lokacin da za a duba gwajin da ya shafe mu. Ku riƙa kai ziyarar bazata inda ake neman yarda, ku zauna ku saurari yadda ake yi, ku ja mutum biyu ko uku gefe ku tambaye su abin da suka fahimta, domin fayil ba zai gaya muku wannan ba. Ku kuma shardanta wa kowane mai bincike ya dawo unguwar da ya ɗebi mutane ya faɗi sakamako da Hausa, ko maganin ya yi nasara ko bai yi ba. Kada wahalar cika waɗannan sharuɗɗa ta zama hujjar rubuta cewa masu jin Turanci kawai za a ɗauka, don maganin da za a sayar mana gobe ya kamata a san yadda yake aiki a jikin mai azumi da mai yawan tafiya da mai haɗawa da maganin gargajiya.

A namu ɓangaren, akwai matasa maza da mata a unguwanninmu da suka yi karatun lafiya ko suka gama sakandare, masu jin Hausa da Turanci da Yarbanci, waɗanda za su karɓi horon tafinta idan kun buɗe ƙofa. Akwai harabar makarantun Islamiyya da rumfunan shugabannin kasuwa da za a iya zama a cikinsu. Muna roƙon ku sa mana rana, ku turo wakilanku Agege ko Idi-Araba, mu kawo mutanen da suka taɓa shiga gwaji su yi muku bayani da bakinsu, sannan ku isar da abin da kuka ji ga kwamitin ƙasa da hukumar NAFDAC.

Allah ya taimake ku a kan amanar da ke wuyanku. Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Tsohon ma'aikacin lafiya, mazaunin Agege, Legas.